Akuyar da Na Bari a Aji Huɗu

Jiya da dare na kwanta da magana a kaina, sai na yi wani mafarki. Bari in fara faɗin maganar, domin ita ta jawo shi.

Sunana Nomau. Gyaran keke na yi ta yi har idanuna suka ce sun gaji. Boko kuwa a aji huɗu na sauka, ban sake hawa ba. Ina da jika, Rumasa'u, 'yar ɗana Isiyaku, kuma ta sami gurbi a wata kwaleji da ban taɓa jin irinta ba. Ba a koyar da sana'a ko ɗaya a can. Yadda ta faɗa mini, littattafan mutanen dā ake karantawa, a koyi nahawu da mantiki da balaga, da lissafi da kiɗa da tafiyar taurari, sannan a kewaye tebur a yi ta musu cikin ladabi. Ubanta yana so ta je makarantar koyon jinya, inda kana gamawa aiki yana jiranka. Suka ja, suka ja. Ita ta yi kuka, shi ya ture tuwo. A ƙarshe suka ce ni zan yanke, da safe bayan an sha koko. Kafin barci ya ɗauke ni na riga na yanke a zuciyata cewa bayan uban zan bi.

Sai na gan ni a kan keke mai taya murabba'i. Yana tafiya sumul, saboda a ƙasar hanya ce take juyawa. Ban taka feda ba har na isa wata ƙofa tsaye a fili, babu katanga a damanta, babu a hagunta, amma kowa ta cikinta yake bi.

A bakin ƙofar wani raƙumi yana zaune bayan tebur, da tabarau a kan hancinsa. Na yi sallama, ya amsa yana tauna.

"Ina tambayarka?"

Na ce ni jikata na zo nema. Ya ce babu mai shiga sai da tambaya, ko da ɗan sarki ne. Ina tsaye ɗalibai suna ta wuce ni, maza da mata, kowa yana jan akuya da igiya. Na tambaye shi ko yau kasuwa ce. Ya ce a'a, tambayoyinsu ne, a nan tambaya akuya ce. Ya faɗe shi kamar yadda mutum zai ce yau Talata. Sannan ya miƙo dogon wuyansa ya sansana hulata, ya ce ina da tawa, ya ji warinta, sai dai ta daɗe ba ta tare da ni. In zagaya baya, garken waɗanda aka manta.

A garken na sami Malam Zubairu, malaminmu na aji huɗu. Ya rasu tun ina da baƙin gashi, amma ga shi da alli a bayan kunne, bai ƙara ko kwana ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya shiga cikin awaki ramammu ya jawo wata fara fat, haƙarƙarinta a waje, gemunta yana sharar ƙasa. Ta dube ni ta yi kuka, kukan kuwa magana ce:

"Ina duhu yake zuwa idan an kunna fitila?"

Nan take na gane ta. Ni na yi wannan tambaya a aji, wata rana ana darasin lissafi. Yara suka fashe da dariya, Malam ya ce in zauna. Ba a daɗe ba mahaifina ya kai ni rumfar gyaran keke, ban sake tuna ta ba.

"Zauna na ce maka," in ji Malam Zubairu. "Ban ce ka tafi ka bar ta ba."

Ya ce tun ranar da garin alli yake ciyar da ita, shi ya sa ta yi fari. Shi ma bai san amsar ba a lokacin, har yanzu ma bai sani ba, mutuwa ba ta ƙara masa komai a wannan fannin ba. Ya danƙa mini igiyar. Na ce masa, Malam, ai na makara. Ya ce na makara ƙwarai, in yi sauri.

Cikin kwalejin inuwar kowane ɗalibi tana riga shi tafiya don ta kama masa wurin zama. Tawa ta tsufa, sai ta tsaya muka jera. Na bi ta ɗakin cin abinci, na tarar ana cin shinkafa da wake ana gardama a kan ko tauraro yana jin sanyi. A can idan gardama ta yi kyau abincin sai ya ƙara zafi, idan wani ya ɗaga murya sai kwanonsa ya huce nan take. Na ga wani yaro mai yawan tsawa yana tura shinkafa mai sanyi kamar daga randa, abokansa suna masa dariya. Da la'asar ruwan sama ya taso daga ƙasa ya koma gida. Ɗalibai suka tattare wanduna, suka ci gaba da hirarsu.

Ɗakin karatunsu rijiya ce. Ana zura guga a jawo littafi. Sababbin suna yawo a sama, da ɗumi-ɗumi. Tsofaffin suna can ƙasa, sai igiya ta kusa ƙarewa, kuma in sun fito sanyinsu har haƙori. Na zura, na jawo wani mai nauyi. Na ji tsoro, domin karatuna bai wuce na allon shago ba. Amma littafin bai yi gaggawa ba. In na tsaya a kan kalma sai ya tsaya ya jira ni, kamar yaron kirki da ya rako tsoho masallaci. Akuyata ta miƙo baki ta ci gefen shafi ɗaya, na ga ƙashin bayanta ya ɗan ɓuya.

"Tsohon mijina, har nan ka biyo ni da kishinka?"

Rumasa'u ce a ɗaya gefen rijiyar, da guga a hannu. Na ce na zo ne in ga wanda ya ƙwace mini amarya, ashe rami ne. Ta ce ramin ya fi ni haƙora. Tana riƙe da wata jar akuya matashiya, mai tsalle, ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan ta yi kuka cewa take: "In kowa ya yarda da abu, shi ke nan ya zama gaskiya?" Rumasa'u ta dubi tawa ta ce wannan ai ta girmi babanta. Na ce ta girme shi, kuma ta fi shi haƙuri. Ta ce in zo mu je aji, inuwarta ta kama mana wuri biyu.

Ajin rufi ne kawai da wani babban tebur mai da'ira. Awaki suna ƙarƙashinsa. Malamar sunanta Hansatu, wata doguwa mai magana a hankali, kuma aikinta shi ne kada ta ba da amsa. Rumasa'u ta raɗa mini cewa an taɓa rage mata matsayi saboda ta amsa wata tambaya da kuskuren baki. Tare da ɗalibai akwai waɗanda suka rubuta littattafan, duk sun daɗe da mutuwa. Akwai wani Bagirke, mutumin ƙasar Girka, mara takalmi, akwai wani malamin Timbuktu da tawada a yatsunsa. Suna ɓarar gyaɗa. Yarinya ƙarama sai ta ce wa mamaci bai yi daidai ba a shafi kaza, shi kuwa ya gyara zama ya ce ta nuna masa.

Na nemi agogo ban gani ba. Akwai ƙararrawa rataye a tsakiyar rufin, ba igiya, ba mai kaɗawa. Aka ce mini ita take kaɗa kanta, kuma ba ta yi sai wani ya sauya ra'ayinsa da gaske. Kafin nan ba a tashi. Wani ɗalibi ya nuna mini gemunsa, ya ce a darasi ɗaya ya fito.

Malama Hansatu ta zana da'ira a kan tebur da yatsa, ta ce, "Baba Nomau, mece ce wannan?"

Na ji daɗi, domin an zo gidana. Na ce taya ce. Ta ce in tayar ta yi tsatsa ta karye, da'irar ta mutu ke nan? Na ce a'a, sai a kawo wata. Ta ce to kafin a kawo watan, a ina da'irar take zaune? Wata yarinya a gefena ta ce da'ira ita ce duk inda nisansa da cibiya ɗaya ne. Na tuna wayoyin taya da na yi ta ɗaurewa da sassautawa tun ina saurayi, don kada wata ta fi wata tsawo. Hannuna ya san wannan magana tun tuni, amma bai taɓa gaya wa kaina ba. Bagirken ya turo mini gyaɗa. A ƙarƙashin tebur na ji akuyata tana tauna.

Daga nan aka ɗora ta a kan tebur, aka ce yau ita za a duba. Ta yi kukanta. Na sunkuyar da kai ina jiran dariya. Wani ɗalibi ya ce duhu ba ya zuwa ko'ina, domin shi ba abu ba ne, rashin haske ne kawai. Rumasa'u ta ce yunwa ma rashin abinci ce, to me ya sa take cizo? Malama ta juyo ta ce ni me na gani. Na ce ni dai abin da na lura, ko an kunna fitila, in ka leƙa ƙarƙashin gado za ka same shi. Wataƙila ba tafiya yake yi ba, matsawa yake.

Babu wanda ya yi dariya. Malamin Timbuktu ya ajiye gyaɗarsa ya ce, "Maimaita, Malam, ban so ta wuce ni." Na maimaita. Aka ɗauki maganata aka yi ta juya ta, wasu suka yarda, wasu suka ƙi, wanda ya fara magana ya ce sai ya sake dubawa. Ban san tsawon zaman ba. Da aka sauko da akuyata, sai da mutum biyu suka kama.

A nan ne na yi tunani irin na maigida. Na ji ana shela cewa gobe bikin yaye ɗalibai, a can kuwa da an ce gobe sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Na dubi awakin nan, kowace ta yi ɓul-ɓul. Na ce a raina ai babu mai turke dabba ya yi ta ba ta dusa da harawa don ya riƙa kallonta. Kiwon Sallah ne. Ranar yaye ita ce ranar yanka, kowa ya tafi gida da namansa. Na ji hankalina ya kwanta, na ce ashe makarantar tana da amfani. Na lallaɓa na taɓa gadon bayan jar akuyar Rumasa'u, na matsa ƙirjinta kamar yadda muke yi a kara, kasuwar dabbobi. Ta kai. Na cire hulata na yi magana a ciki, na ce Isiyaku ya zo da wuƙa da faranti.

Sai ga mu a wani fili, an kafa rumfuna. Isiyaku ya iso da kayan aikinsa na direba, gumi a goshinsa, kamar daga Legas ya taho bai tsaya ba. Ya gaishe ni, ya haƙa ɗan rami don jini, ya kayar da jar akuyar ya fuskantar da ita alƙibla.

"Baba, riƙe mini ƙafafun."

Na durƙusa na riƙe. Filin ya yi tsit. Raƙumin ya cire tabaransa. Ban gane dalili ba, na ɗauka addu'a ake jira.

Rumasa'u ta zo ta tsaya a kanmu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kira ni tsohon miji ba.

"Kaka," ta ce, "in kun yanka ta, da me zan koma aji?"

Na ce ai an gama, nama za a ci. Ta ce in dubi rumfar da ke kusa.

Na duba. Wani saurayi ne da ake yayewa, sanye da doguwar riga. Akuyarsa ta kwanta, ta haifi 'ya'ya biyu a gaban jama'a, kowanne ya miƙe yana kukan tasa tambayar. Aka tatsi uwar a ƙwarya, aka ba shi ya sha, ya miƙa wa mahaifiyarsa ta sha, aka zagaya da sauran. Shi ke nan an yaye shi. Ya kama hanya da uwa da 'ya'ya suna bin sa. Na dubi duk rumfunan, ko'ina haka ake yi. A filin nan kaf wuƙa ɗaya ce, kuma ni na aika a kawo ta.

Ƙafafun akuyar suna hannuna, da ɗumi. Ina jin jininta yana bugawa a tafina. Tsohuwar tawa ta zo ta ɗora gemunta a kafaɗata. Malama Hansatu ta matso ta tambaye ni, da na bar tawa a aji huɗu, wa ya ji yunwa, ni ko ita.

Isiyaku bai ɗaga wuƙar ba, bai kuma ajiye ta ba. Ya dube ni da jajayen idanunsa na mai tuƙin dare.

"Baba, ni ba mugu ba ne. Ni ba zan dawwama a kan titi ba. Yarinyar nan, in ta gama, me za ta ci?"

Yana rufe baki sai maganar ta faɗo ƙasa, 'yar baƙar akuya, jiƙe, ƙafafunta suna rawa. Ta miƙe da ƙyar ta yi kuka: "Me za ta ci?" Isiyaku ya ja da baya. Raƙumin ya mayar da tabaransa, ya tako har inda muke, ya buɗe bakin 'yar akuyar ya duba, ya ɗaga kofatonta. Ya ce lafiyayyar tambaya ce, irin mai kyau, tsofaffin littattafan da ke ƙasan rijiya ma sun yi ta fama da ita. Ya ce garken da babu irinta yakan yi ƙiba ya kasa tafiya. An ɗauke ta, in ji shi, ta fara aji yau.

Isiyaku ya ce shi bai nemi gurbi ba. Raƙumin ya ce 'yar akuyar ce ta nema.

Duk da haka jar tana kwance, ramin yana buɗe. Isiyaku ya ce, "Baba, kai muka ba wa magana."

Na saki ƙafafun. Jar ta yi wuf ta miƙe, ta girgiza jiki, ta je tana sansanar baƙar. Na kwance igiyar wuyan tsohuwar akuyata, igiyar da Malam Zubairu ya ba ni, na ɗaura jar a wannan bakin, baƙar a wancan, na miƙa wa Rumasa'u tsakiyar.

"Ki tafi da su biyun. Ta ubanki ma taki ce. Kada ki ciyar da ɗaya ki bar ɗaya, in na ji labari sai na sake ki."

Ta ce saki nawa ke nan na yi mata tun tana rarrafe, har yanzu ita ke dama mini koko. Amma ta riƙe igiyar da hannu biyu. Isiyaku ya daɗe yana kallon baƙar tana bin 'yarsa tana tuntuɓe. Sannan ya sa ƙafa ya mayar da ƙasa cikin ramin, ya ce to, Allah Ya sa albarka. Farantin da ya kawo aka zuba masa gyaɗa a ciki, Bagirken ya matsa masa wuri.

Tawa, da ba ta da igiya yanzu, ba ta gudu ba. Duk inda na taka sai ta taka. Na tambayi Malama Hansatu ko mai shekarunta tana iya haihuwa. Ta duba hagu, ta duba dama, ta ga raƙumin ya juya baya. Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Tana iyawa. Kada ka ce ni na faɗa."

Sai ƙararrawar ta kaɗa. Daga can cikin aji ta kaɗa, ita kaɗai, har filin ya ɗauka. Ɗalibai suka shiga waige-waige suna tambayar wane ne, wane ne. Malamin Timbuktu ya nuna ni da yatsansa mai tawada. Inuwoyi suka miƙe suka fara tattara littattafai, ƙararrawar kuwa ba ta daina ba, tana ta yi, tana ƙara sauri, tana ƙara matsowa kusa da kunnena.

Murfin tukunya ne ya suɓuce a tsakar gida, yana ta juyawa a kan siminti kafin ya kwanta. Gari ya waye, haske ya shigo ta taga. Na ji muryar Rumasa'u daga bakin murhu, a sanyaye, ba wasa a cikinta.

"Kaka, kokonka zai huce."

Na ce ta kira mini ubanta, ta kuma zo da kofi uku. Kafin in sa takalmi na dafa gado na leƙa ƙarƙashinsa. Duhun yana nan.